FILIN KIWO: In Kwikwiyo Ya Kasa Shan Nono

A wannan wata filin kiwo ya ajiye maganar shanu da tumaki da awaki. Zai yi magana a kan mai gadinsu, wato kare. Kuma ba babban kare ba. Ɗan jariri, wanda ko ido bai buɗe ba.

Wani zai ce: bisashe sun ƙare ne, da za a cika takarda da zancen kwikwiyo? Sai ya tambayi makiyayin da dila ya ɗauke wa ɗan akuya cikin dare. Ya tambayi manomin da ya tara damman hatsi a gona, ko mai garkar albasa da ba ya iya kwana gida. Garken da ke da kare nagari, mai shi yana samun barci. Kare nagari kuwa ba a sayen sa a kasuwa kamar igiya. Cikin ɗiyan karyar gida yake fitowa, in sun rayu. A arewacin Tawa, ƙasar Azawak, akwai dogayen karnuka masu siririn ciki, masu gudu kamar barewa. Tun shekarun 1970 Turawa suka fara ɗaukar irinsu zuwa ƙasashensu, suna kiran su da sunan Azawak ɗin. Abin da baƙo ya ƙetare teku da shi, bai kamata ɗan gida ya bar shi ya mutu ƙarƙashin rumbu ba.

Malamai sun faɗa cewa addini ya yarda a ajiye kare don kiwo, da gadin gona, da farauta. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Saboda haka tausayin wannan dabba ba abin kunya ba ne.

Ɗaliban yaƙi da jahilci su lura da rubutun. Karya, da k marar lanƙwasa, ita ce macen kare. Ƙarya, da ƙ mai lanƙwasa, ita ce abin da ba gaskiya ba. Maganar yau a kan ta farko take, babu ta biyu a ciki.

Karya tana ɗaukar ciki wajen kwana 63, wato wata 2 da ƴan kwanaki. Takan nemi ƙarƙashin rumbu, ko bayan danga, ko ta tona rami ta haihu. Ɗiyan suna zuwa duniya ido rufe, kunne rufe. Sai tsakanin kwana 10 da kwana 14 idon ke buɗewa. Kafin nan abu biyu kawai suka sani: ɗumin uwa da ƙanshin nono.

Sau da yawa cikin haihuwa ɗaya akan samu guda wanda ya fi sauran rauni. Kwana biyu, kwana uku, sai a gan shi gefe. Mutane su ce uwar ta ƙi shi, ko su ce dama ba mai rayuwa ba ne. Wani lokaci haka ne. Amma mafi yawa abu uku ke kashe shi: sanyi, da yunwa, da ƙarewar ruwan jiki. Ukun nan suna jan juna. Wanda ya yi sanyi ba ya iya tsotso. Wanda bai tsotsa ba, jikinsa ba ya yin ɗumi. Uwar kuma, in ta shinshina ta ji shi da sanyi, sai ta ture shi gefe. Mai gida yana iya ceton sa daga wannan, kuma ba kuɗi aikin yake so ba. Lura yake so, da haƙuri, da sanin abin da ke zuwa farko.

Yadda ake gane shi

Kwikwiyo mai lafiya ba ya yawan kuka. Ya sha, ya yi barci, ya tashi, ya sha. Cikin barcin yana ɗan zabura, ƙafafu na motsi. Wannan zabura ba ciwo ba ce, alamar lafiya ce. In an ɗauke shi, jikinsa da ɗumi, da nauyi, cikinsa a cike. In an wanke hannu aka sa masa ɗan yatsa a baki, zai kama da ƙarfi yana tsotsa.

Marar lafiya yana nesa da tarin ƴan uwansa. Ko dai yana wani siririn kuka wanda ba ya ƙarewa, ko kuma ya yi shiru ƙwarai. In an ɗaga shi, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Cikinsa ya shafe. Yatsa a bakinsa, ba ya kamawa.

Kwikwiyon kare matsakaici yakan zo da nauyin garam 300, ko fiye kaɗan. Mai lafiya yana ƙaruwa kullum, kuma wajen kwana 10 ya ninka nauyinsa. Wanda ke kusa da mai kanti mai ƙaramin ma'auni, sai ya auna shi kowace safiya, ya rubuta cikin littafinsa. Ga amfanin karatu ke nan. Wanda ba shi da ma'auni, ya ɗauki marar ƙarfin a hannu ɗaya, ɗan uwansa a ɗaya hannun. In kwana biyu sun wuce bai ƙaru ba, kada a jira na uku.

Ɗumi ne farko

Wannan shi ne babban abin da za a riƙe: ba a ba kwikwiyo mai sanyin jiki madara. Sai an ɗumama shi tukuna.

Ga dalili. Babban kare zafin jikinsa digiri 38 zuwa 39 ne. Jaririn sati ɗaya kuwa 35 zuwa 37 ne kawai, kuma ko wannan ɗin ba nasa ba ne. Aro yake daga jikin uwa da na ƴan uwansa. A kwanakin farko ko makyarkyata bai iya ba. Sai ya kai wajen sati 4 kafin ya iya riƙe ɗuminsa shi kaɗai. A Disamba da Janairu kuwa, daren Maraɗi da Damagaram da Tawa yakan sauka ƙasa da digiri 15. Uwa ta fita neman abinci, iskar hunturu ta biyo ƙarƙashin rumbu, wanda ya gangara gefe ya shiga uku.

In zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 34, hanjinsa sun daina aiki. Duk madarar da aka ɗura masa zama za ta yi cikin ciki, ta lalace, ciki ya kumbura. Ko kuma ta dawo ta bi hanyar numfashi, ta shiga huhu. A nan ne masu tausayi da yawa suke kashe shi da hannunsu. Sun ga yana mutuwa, sun ce yunwa ce, sun buɗe baki sun zuba nono. Niyyar mai kyau ce, aikin ne ya zo a juye.

Ba sai da ma'aunin zafi na gidan likita ake ganewa ba. A sa ɗan yatsa mai tsabta cikin bakinsa. In bakin da sanyi, ba a ba shi kome ya haɗiya.

Hanyar ɗumamawa da ta fi kowace kyau ita ce jikin mutum. A naɗe shi da ɗan tsumma busasshe, a bar hancinsa waje, a sa shi cikin riga, jikin ƙirji. A riƙa shafa bayansa a hankali, ana juya shi. Awa ɗaya, wani lokaci awa biyu. Gaggawa ba ta da amfani, domin ɗumi na farat ɗaya yana iya kashe shi. Wanda aiki ya hana shi zama, sai ya zuba ruwan ɗumi cikin kwalba, ya toshe, ya naɗe ta da zane, ya ajiye gefen kwikwiyon cikin masaki ko kwali. Ko ya ɗumama rairayi cikin kasko, ya ƙulle cikin tsumma. Kafin a ajiye, a ɗora a kumatu a ji. Abin da ya yi wa kumatun mutum zafi, ƙuna ne ga kwikwiyo. A kuma bar masa wurin da zai ja jiki in ɗumin ya yi yawa.

Ba a kai shi bakin garwashi. Ba a shanya shi a rana. Ba a tsoma shi cikin ruwan zafi.

Makwancin duka ma yana son gyara. A kafa zana ta wajen da iska ke fitowa. A shimfiɗa busasshen buhu, a canja shi in ya jiƙe. Ɗiyan da kansu suna faɗin halin da suke ciki. In sun hau juna sun yi tuli suna kuka, sanyi suke ji. In sun watse, kowa ya miƙe nesa da ɗan uwansa, baki buɗe, zafi ne ya yi yawa. Wannan na biyu shi ne matsalar bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40. A nan inuwa mai kauri ake nema, da wurin da iska ke ratsawa. Ana iya rataye jiƙaƙƙen buhu kusa, amma ba a rufa musu shi ba.

Tun ana cikin ɗumama shi akwai taimako ɗaya da ya halatta, shi ne ruwan sukari. Jariri ba shi da ajiyar ƙarfi a jiki. Ƴan awoyi ba nono, sai ya sume. A narka sukari cokalin shayi 1 cikin ruwan da aka tafasa ya huce, cokalin miya 2. A tsoma yatsa, a shafa masa a dasashi da bisa harshe, ɗigo biyu ko uku. A sake bayan minti 15. Shafawa ce, ba ɗura ba. Kuma wannan ba abinci ba ne. Ɗan ƙarfi ne kawai da zai kai shi ga nono.

A mayar da shi ga uwa

In bakinsa ya yi ɗumi, ya fara kama yatsa, to lokacin shan nono ya yi. Babu madarar da ta kai ta uwarsa.

Makiyayi ya san dakashi, nonon farko mai kauri, ya san ɗan maraƙin da bai sha shi ba ba ya ƙarko. Haka yake ga kare. Cikin dakashi ne ake samun abin da ke tsare jariri daga cututtuka. Amma hanjin kwikwiyo a ranar farko kaɗai suke iya ɗaukar wannan kariya, kuma awa 12 na farko sun fi. Saboda haka ranar haihuwa a duba: kowane ɗaya ya kama nono?

Karya takan kasance da nono 10, biyar a kowane gefe. Na baya, kusa da cinya, sun fi ruwa. Masu ƙarfi su suke kwacewa, su bar wa marar ƙarfi na wajen ƙirji, ko su hana shi gaba ɗaya. Dabarar ita ce: a bar wani ƙaƙƙarfa ya fara tsotson nonon baya har ruwa ya sauko. Sannan a cire shi. A matso ɗigo ɗaya a bakin nonon, a kai bakin marar ƙarfin, a tallafe shi da hannu har ya ƙoshi. Sauran a tsare su cikin masaki na minti 10 ko 15. Ba abin da zai same su. A satin farko ana yin haka kowane awa 2 ko 3, dare da rana. Aiki ne mai hana barci, amma yawanci kwana kaɗan ne. Da ya yi ƙarfi zai shiga kokawar da kansa.

Babba ne zai yi wannan aiki, kuma wanda karyar ta saba da shi. Mai jego ba ta da wasa. Tana iya cizon baƙo, tana iya cizon yaron gida.

In uwar ta mutu, ko nononta ya ƙafe, a fara neman wata karya mai shayarwa a unguwa. A goga wa maraya tsumman makwancin ɗiyanta, ya ɗauki ƙanshinsu, a sa shi tsakiyarsu, a tsaya a ga yadda za ta karɓe shi. In ba a samu ba, sai madarar hannu.

A nan ma akwai abin sani. Nonon karya ya fi na saniya da na akuya kauri nesa ba kusa ba. Maiƙonsa da abin gina jikinsa sun ninka nasu, zaƙinsa kuwa bai kai nasu ba. Madarar saniya zalla ba ta ƙosar da kwikwiyo, kuma takan sa shi zawo. Ta tunkiya ta fi kusa, ga mai ita. A manyan garuruwa akan samu garin madarar da aka yi don ɗiyan kare, wurin masu sayar da maganin bisashe, kuma ita ta fi. A ƙauye sai a haɗa ta gaggawa: madarar akuya ko ta saniya cokalin miya 6, a tafasa ta, ta huce. Gwaiduwar ƙwai 1, ban da farin. Man gyaɗa, wato man gujiya, cokalin shayi 1. A kaɗa sosai. A ba shi da ɗumi-ɗumi, kamar ɗumin jiki. Abin da ya wuni a zubar, a haɗa sabo, domin madara da ƙwai ba sa jimre zafi.

Nono mai tsami, da fura, da kunu, da madarar gwangwani mai sukari, duk ba na jariri ba ne.

Cikinsa ƙarami ne ƙwarai. Mai nauyin garam 300, cokalin shayi 1 zuwa 2 ya ishe shi a sha ɗaya. Gara kaɗan-kaɗan sau da yawa da a cika shi sau ɗaya. Sirinji sabo wanda aka cire wa allura ya fi kome daɗin aiki. A kwantar da shi rub da ciki, kai a ɗan ɗage, yadda yake kwanciya gaban uwarsa. Ba a rungume shi rigingine kamar ɗan mutum. A ɗiga a bisa harshe, a jira ya haɗiye, a ƙara. In madara ta fito ta hanci, a tsaya nan take, a sunkuyar da kansa, a share. In kullum haka take fitowa, ko a nonon uwa, a buɗe bakin a dubi ganɗa, wato rufin baki. Wani ana haihuwar sa da tsaga a wurin. Wannan ya fi ƙarfin dabarar gida.

Akwai wani aikin uwa da mutane ba su lura da shi ba. Kwikwiyo ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai ya kusa sati 3. Lasar da uwar ke yi masa a ƙasan ciki ita ke sa su fito. Wanda ake reno da hannu, bayan kowane sha a jiƙa auduga ko tsumma da ruwan ɗumi, a shafa masa ƙasan ciki da ƙarƙashin wutsiya. A dubi audugar. Fitsarin mai lafiya kusan fari ne kamar ruwa. In ya yi rawaya sosai, baki kuma ya bushe yana danƙo, ruwan jiki ya ragu. Mai zawo ya fi kowa shiga wannan hali. Ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake haɗa wa yara masu zawo, yana taimako: lita 1 ta tafasasshen ruwa, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi. A ɗiga masa kaɗan-kaɗan tsakanin sha da sha.

A dubi cibiya kuma. Takan bushe ta faɗi cikin kwana 2 ko 3. A shafa mata Betadine in akwai. Ba a sa mata toka ko kashin shanu. In ta kumbura, ta yi ja, tana ruwa, ko fatar ciki ta yi shuɗi-shuɗi, cuta ta shiga jini.

Wani lokaci ciwon na uwar ne

In ba ɗaya ba ne ke kuka, duka ne, to a bar ɗiyan a dubi uwar. Mafi yawa yunwa ce. Karya mai shayarwa, a sati na 3 da na 4, tana bukatar abinci ninki 2 ko 3 na wanda ta saba ci. Ƙanzo da ruwan wanke tukunya ba za su yi nonon ɗiya bakwai ba. A ƙara mata tuwo, da nono, da ɗan kifi ko dafaffen nama in ya samu. Ruwa kuwa kada ya yanke gabanta, cikin kaskonta na kanta.

A taɓa nonon ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi tauri, ya yi zafi, tana ƙara in an taɓa, ruwansa ya yi rawaya ko da jini, ya kamu da ciwo. A hana ɗiyan shan wannan, a riƙa gasa shi da tsumma mai ɗumi. Ruwan da ke fita mata bayan haihuwa, kore-kore a farko, daga baya ja-ja, ba laifi ba ne. Amma in yana wari, ta ƙi abinci, jikinta ya yi zafi, mahaifa ce ta ruɓe. In kuma ta kama haki da rawar jiki, ƙafafu suka sandare, ta kasa tsayuwa, to nono ne ya janye mata sinadarin ƙashi daga jini. Wannan yana kashewa cikin awoyi. A janye ɗiyan, a nemi likitan bisashe a ranar. Dukan ukun nan aikinsa ne.

Masu shan jini

Ƙuma da kaska suna iya shanye jinin kwikwiyo har ya mutu. A ɗaga leɓensa. Dasashin mai lafiya ja ne. In ya yi fari, jini ya ragu. A cire su da hannu, a jefa cikin wuta, a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a sake wuri.

Da damina akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai cikin rairayin da fitsari ya jiƙa. Tsutsarsa na shiga fatar kwikwiyo, ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da man kaɗe. Tsutsar za ta rasa iska ta leƙo, sai a matse ta a hankali ta fito ɗungum, a wanke wurin. Maganinta na gaskiya shi ne busasshen makwanci.

Tsutsar ciki kuwa, kusan kowane kwikwiyo da ita yake zuwa. Wata tun cikin mahaifa take shiga, wata ta nono. Alamarta ƙaton ciki, da rama, da gashi marar sheƙi. Ana ba da maganinta daga sati 2, a sake kowane sati 2 har sati 8, a ba uwar ita ma. Likitan bisashe ne zai faɗi irin maganin da yawansa, gwargwadon nauyi. Maganar ta shafi yaran gida. Ƙwan tsutsar yana fita cikin kashin kare, ya zauna cikin ƙasa. Yaro mai rarrafe ya kai ƙasar baki, tsutsar tana iya taɓa masa hanta ko ido. A kwashe kashin kullum a binne.

Nan ne wurin yin kashedi da babbar murya. Maganin feshin wake ko na auduga, da ruwan wankan kaska na shanu, da kananzir, da baƙin man mota, ba a shafa wa kwikwiyo ko ɗaya. Fatarsa siririya ce, gubar na ratsawa, uwar kuma ta lashe sauran. Allurar tsutsa ta shanu ba tasa ba ce. Ƙwayoyin ciwon kai na mutane da kafson ƴan tebur su ma haka. Hantarsa da ƙodarsa ba su ƙosa ba. Masu yanke wa kwikwiyo kunne kuma su sani, marar lafiya ba shi da jinin da zai zubar, kuma yankan ba ya ƙara wa kare zafin nama.

Ba kowane ake ceto ba. Akwai cutar da ke kama ɗiya ƴan ƙasa da sati 3, su yi ta kuka ba tsayawa, su mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, ɗaya bayan ɗaya. In an ɗumama kwikwiyo, an shafa sukari, rabin yini ya wuce bai kama nono ba, ko yana numfashi da ƙyar, ko zawonsa da jini, ko biyu sun mutu a jere, sai a tafi ma'aikatar kiwo ko wurin likitan bisashe mai zaman kansa. A tafi da shi cikin riga, kada sanyin hanya ya ƙarasa shi. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi, nesa da rijiya.

Haukan kare

Duk mai sa yatsa a bakin kwikwiyo dole ya san wannan. Ƙarami ma yana iya ɗaukar haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare ne, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamunta sun bayyana ga mutum, babu magani. Amma kafin su bayyana akwai allura, tun wadda Luwi Fasto ya fara yi wa wani yaro a Faransa a 1885.

Saboda haka mai rauni a hannu ba ya wannan aiki. Kowa ya gama ya wanke hannu da sabuni. Ɗiyan karyar da ba a san ta ba, waɗanda yara suka tsinto a daji, ba a sa musu yatsa a baki. In uwar ta canja hali, tana cizon duk abin da ta samu, har ɗiyanta, yawu na zuba, muryarta ta sauya, ko ta mutu ba a san dalili ba, kada kowa ya taɓa ta ko ɗiyan. A tsare wurin, a sanar da mai gari da ma'aikatar kiwo. Wanda aka ciza ko aka yakusa, ko da kwikwiyo ne, ya wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, ya tafi gidan likita a ranar. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Kwikwiyon da ya tsallake sati 3, ya buɗe ido, ya fara tafiya yana tangaɗi, ya fita daga babban haɗari. Daga nan zuwa sati 4 ana fara ba su kunu mai ruwa-ruwa da madara cikin faifan kasko, marar ƙarfin a ba shi nasa dabam. Masu roƙon kwikwiyo su yi haƙuri sai ya cika wata 2. Tsakanin sati 6 da sati 8 ake fara allurar rigakafin cututtukan ƙuruciya, irin zawon jini da amai da ke share ɗiya bayan yaye. Ta haukan kare a wata 3 aka saba yin ta, amma in masu allura sun zo gari kafin nan, a kai musu duka, da uwar da ɗiyan.